Zabuwa a Ofishin Malama

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai wa malamarmu ta kwamfuta zabuwa ba, kuma ko na so mantawa 'yan ajinmu ba za su bari ba.

Ina aji biyu a jami'a a nan Daura aka ba mu aikin rubuta firogiram: ya gaishe da mutum, ya tambayi sunansa, ya ajiye. Wanda nasa bai yi aiki ba ya faɗi kwas ɗin, sai baɗi ya maimaita da ƙannensa. Nawa kuwa da na kunna sai ya rubuta "Sannu da zuwa", ya sake rubutawa, ya sake, har allon ya cika, laftof ta ɗau zafi kamar an sauke ta daga murhu. Tambayar suna kuwa ko alamarta.

Malama Binta, mai koyar da mu, ta ware ranar Laraba don masu matsala su same ta a ofis. To ni a garin Babban Mutum na tashi, a zauren mahaifina da ke ba da karatun littattafai. A can ba a faɗo wa malami da buƙata kamar an jefo ka. Sai ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka gaishe shi, ka jira ya tambaye ka.

Haka na yi. Na bar silifas a bakin ƙofa, na durƙusa a kan tayil. "Ranki ya daɗe, ina kwana? Ina gajiya? Ya aiki? Ya mutanen gida? Ya aka ji da zafi?" Tana ta amsawa da "lafiya lau", idonta na kan layin ɗaliban da ke bayana. Da na kai kan tambayar damina sai ta ce, "To madalla, na gode ƙwarai. Na gaba!" Na tashi na fito da matsalata kamar yadda na shiga da ita. Laraba ta zagayo na koma, aka maimaita. (Daga baya na ji ta ce a ranta ta ɗauka ni yaron kirki ne mai son zumunci kawai.)

Da wa'adi ya matso hankalina ya tashi sosai, wallahi ko abinci ba na jin daɗinsa. Na je gida na kai ƙara wurin Baba, na ce malamar nan ba ta kula ni.

"Me ka kai mata?" in ji shi.

Na ce ba komai.

"Kai ɗan nan! Ka je neman ilimi hannu rabbana, kuma kana ƙorafi?" Nan take ya sa aka kamo zabuwa mafi ƙiba a gidan, aka ɗaure ƙafafunta da tsumma.

Ranar Laraba na cusa ta a jakar goyo, na rungumo laftof a hammata. Na shiga, na durƙusa, na fara, "Ranki ya daɗe, ina kwana..." sai jakar ta motsa a bayana.

"Mene ne a jakarka?" in ji Malama.

"Ɗan abin da ba a rasa ba ne, daga Baba."

Na zuge zif cikin ladabi. Ashe tsumman ya kwance tun a mota. Jama'a, kun san zabuwa ba kaza ba ce. Ta yi fiffika ta haye tebur, ta ture kofin shayi, ta watsa takardun gwajin aji ɗaya, ta ɗare saman kabad tana ƙurƙet-ƙurƙet kamar an shigo yanka ta. Malama ta yi salati ta koma bayan kujera. Ni kuma ina tsalle ba takalmi, ina "Yi haƙuri, ranki ya daɗe", ban ma san wa nake ba haƙurin ba, ita ko zabuwar. 'Yan layi suka cika ƙofa da taga, wayoyi a sama. Daga ƙarshe ta samu tagar baya ta fice, ta bar mana gashi yana yawo a iska.

Na so ƙasa ta tsage in shige.

Malama ta gyara mayafinta, ta dube ni. "Na farko, ba na karɓar komai daga ɗalibi, aikina ne. Na biyu, don Allah me kake so? Wata guda kana gaishe ni!"

Na ce, "Firogiram ɗina ne ya ƙi."

"Shi ne ba ka faɗa ba? Kunna mu gani."

Na kunna. Sannu da zuwa. Sannu da zuwa. Sannu da zuwa. Ta kalli allon, ta kalle ni a durƙushe, sai dariya ta ƙwace mata har da hawaye.

"Ai halin mai shi ya ɗauko," in ji ta. "Ka ce masa ya yi gaisuwa, ba ka faɗa masa inda zai tsaya ya shiga magana ba."

Ta nuna mini wurin, na gyara da hannuna, ko shayin da ya zube bai bushe ba abin ya yi aiki. Na ci kwas ɗin. Na kuma ci suna, don har yau a sashenmu Mai Zabo ake kirana, har da ƙananan da ba su ga abin ba.

Tun daga ranar, in na shiga ofishin malami, sallama ɗaya, gaisuwa ɗaya, sai in buɗe laftof. Amma Baba ban iya gyara shi ba. Da na kai masa labarin na ci, ya gyaɗa kai ya ce, "Ka gani ko? Baɗi rago za ka kai mata."