Sanarwar Rasuwar Goggo, Motar Malam Birki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye, iyalan Malam Birki mai koyar da tuƙi ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsa, wadda ɗalibai suka fi sani da Goggo. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara talatin da ɗaya, ashirin da shida daga ciki a hannun Malam.

Marigayiya mai haƙuri ce. Rabin direbobin unguwar nan a cikinta suka fara kashe mota a tsakiyar titi. An ƙona mata kuloci sau bakwai. Wata ɗaliba ta taɓa taka totur maimakon birki ta kutsa da ita shagon tela, amma kashegari Goggo ta yi tarinta na safe, "kyar-kyar-kyar, burrum", ta fito aiki. Giya ta biyu ba ta shiga sai da lallashi, ƙofar baya ba ta buɗuwa sai ta waje. Da wannan ta ciyar da gida.

Tun da aka fara zancen motoci masu lantarki da masu tuƙa kansu, Malam ya zama lauyan Goggo. A rumfar bakanikensa, a gidan mai, har a layin asibiti, maganarsa ɗaya: motar da ba ta ƙara ba ta hayaƙi, firji ce aka sa wa taya. Yakan tambaya, in mota mai tuƙa kanta ta buge akuya, wa za a kama? Bakaniken ma bai tsira ba: "Kai ma ka shirya, ba fulogi ba kafireta, gyaran fanka za ka koma." Ana ta dariya, ba wanda ya san ɗaliban Malam sun ragu daga takwas zuwa biyu. Da wata tsohuwar ɗalibarsa, ma'aikaciyar jinya, ta kawo sabuwar motarta mai lantarki ya sa mata albarka, ko hannu bai ɗora a kai ba. Ya ce, "Ashe wata uku na yi ina koya miki giya don ki ƙare a keken yara." Ta juya, idonta cike da ƙwalla.

Game da jinyar ajali, Malam da kansa ya ce a rubuta gaskiya. Wata biyu da suka wuce gwiwarsa ta hagu, mai taka kuloci, ta soma ciwo. Sai ya fara zuwa shagon sababbin motoci a ɓoye, ya ajiye Goggo a bayan katanga. Mai shagon ya zagaya da shi a wata mota mai tuƙa kanta, ya saki sitiyari, motar ta shige tsakanin motoci biyu ta daidaita da kanta, abin da Malam ke sati biyu yana koyarwa. Ya yi dariya har da tafi. Sau biyar ya koma. Duk kwanakin nan jar fitilar baƙin man Goggo na kunne a gabansa. Bakanike ya ce, "Malam, kawo ta yau, tana zubar da mai." Malam ya ce gobe. Goben ta kai sati uku.

Ranar Talata, a hanyar dawowa daga shagon, Goggo ta yi "ƙwas-ƙwas-ƙwas", ta girgiza, ta yi shiru, daidai ƙofar wurin cajin motoci. Cikin masu caji akwai ma'aikaciyar jinyar. Ta ƙaraso ta gaishe shi, ta ce, "Sannu Malam, akwai igiya a but?" Da ya buɗe but, sai ga takardun tallan sababbin motocin shagon nan a kan igiyar, har ya zagaye shuɗiya da biro. Ta kwashe su ta miƙa masa da hannu biyu. Ita ta ja su har rumfar bakanike, rana tsaka, jama'a na kallo, Malam na riƙe da sitiyarin gawa. Bakanike ya zaro sandar auna mai, ya gan ta a bushe, ya ce, "Malam, wannan ba tsufa ne ya kashe ta ba."

Ta rasu ta bar Malam, da uwargidansa wadda marigayiya ta kai asibiti haihuwa sau huɗu, da ɗalibai biyu da ba su kai ga koyon ribas ba, da safaya ɗaya mai faci, da jak.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a filin masu sayen tsofaffin ƙarafa. Za a karɓi gaisuwa a garejin gida, kwana uku. Iyali na roƙon masu ta'aziyya kada su tambayi yadda abin ya faru, an riga an faɗa sau ɗaya.

Malam zai iso wurin jana'iza a ƙafa. Mutum uku sun yi tayin ɗauko shi, kuma duk motocinsu masu lantarki ne. Ya gode musu, ya ce a bari a rufe ta tukuna.