Shafin da Na Buɗe wa Nasiru

Da ƙanena Nasiru ya ciyo kofi a gasar ƙwallon waya, wasan da ya zama sana'arsa, sai na duba kundin sanin nan na intanet da kowa ke iya rubutu a ciki. 'Yan wasan gem ba su da yawa a cikinsa, Bagobiri kuwa ko ɗaya babu. Na ce ni za ni gyara tarihi.

Na buɗe masa shafi, na zuba kirari kamar maroƙi ranar suna: bajimin Sabon Birni, mai yatsun wuta, jikan manoman gero. Inda aka nemi majiya, na rubuta, "Innarmu ta shaida."

Ran kasuwa na tara jama'a wurin mai shayi, har da 'yan kabu-kabun garin Isa. Na miƙe, na gyara murya, na buɗe shafin. Wayam! An goge, wai babu hujja.

Nasiru ya sulale. Baffa Ummaru ya ajiye kofi ya ce, "Kai, tsohuwar taka kak kai duniya anka ƙaryata ta?"

Har yau, ko cewa na yi hadari ya haɗo, sai wani ya tambaya, "Innarku ta shaida?"