Gwajin Ido a Gindin Mangwaro

Bartholomew ya fara ganin jikarsa Hulda a 1998, shekarar da ya ajiye aikin reluwe. An miƙo masa ita cikin tawul, ya ce wannan amarya ta cika kuka, a mayar. Tun ranar suke faɗa.

Yanzu tana aikin gwajin ido a wani asibiti a Kafanchan. Ran Litinin manya za su tsaya a kanta su ga aikinta, in ba su gamsu ba, ba za a tabbatar da ita ba. Sai ga ta a gidansa da akwatin gilasai, ta gaishe shi.

"Lafiya lau. Amarya, yau me kika zo sata?"

"Ido na zo aro, tsoho. Zauna in gwada hannuna. Ko na lalata, ba a yi asara ba."

"Idon nan? Daga tasha nake hango jirgi yana barin Jos."

"Shi ya sa ran Lahadi ka gai da akuyar maƙwabciyarka Martina, har da tambayar yara."

"Ta fi ki ladabi, ta amsa."

Ta rataya allon haruffa a jikin mangwaro. Ya gyara zama, ya zubo su tas da muryar 'yan mishan.

"Kaka, allon likitan reluwe ka haddace. Ko ɗaya ba ka samu ba."

"To naki ne ba daidai ba."

Ba ta rama ba. Ta ɗora masa firam ɗin tabarau na gwaji, ta ce, "Baba, ɗaga haɓa. Kada ka ji tsoro, a hankali za mu bi." Bai taɓa jin wannan murya a bakinta ba. Ta sa gilashi, ta cire, ta sa wani. Can sai ga ganyen mangwaro ɗaya-ɗaya, kowane da jijiyarsa, ga tururuwa a jere suna hawa.

"Ya Ubangiji," in ji shi a hankali. "Ashe haka suke har yanzu."

"Na ci ko na faɗi?" in ji Hulda.

"Ki yi musu yadda kika yi mini. Wanda bai gamsu ba, a kawo shi ki gwada masa ido."

Ta sunkuya tana rufe akwati. "Ran Juma'a tabarau ɗinka zai iso. Kai ka riƙe yatsana a kan A da B ina ƙarama. Mun biya juna."

Ta miƙa hannu za ta cire firam ɗin, ya kauce yana dariya.

"Na sallama, kin fi ni. Amma bari tukuna, ban gama kallo ba."