Uban Litinin da Alhamis

Akwai wani dillalin hatsi a garinmu, Alhaji Mamuda, irin mutanen nan da in ka ce musu ina kwana sai sun duba ko da riba kafin su amsa. Da suka rabu da matarsa Hansai, dattawan unguwa suka zauna suka yi musu sulhu a kan 'ya'yansu biyu, Nafi'u da Sa'ade. Yara su zauna wajen uwarsu, uba ya riƙa ɗaukarsu yini biyu a mako, sannan ya aiko da kuɗin abinci duk ƙarshen wata. Alhaji da bakinsa ya zaɓi ranakunsa, ya ce Litinin da Alhamis. Babu wanda ya kawo komai a ransa, har ita Hansai ɗin. Watan farko kuɗi ya zo. Na biyu ya zo da ƙyar, a gutsure. Daga nan sai gaisuwa ta riƙa zuwa a madadinsa. Hansai kuwa awara take soyawa a ƙofar gida, kuma kaskon awara ba ya riƙe baki uku. Ta yi aike har ta gaji, ta ɗauki mayafinta ta kai ƙara.

Ranar shari'a tana zaune a benci ta hango shi ta taga. Ya ɓoye motarsa can bayan gidan mai, ya tako da ƙafa, sanye da wata koɗaɗɗiyar riga wadda ita da hannunta ta ware za a ba maigadi tun suna tare. Tumbin ne kawai bai sami inda zai ajiye ba, dole ya shigo da abinsa.

Alƙali ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, nawa kake samu a wata?"

"Samu kuma, Allah ya gafarta malam? Ai kasuwa ta mutu. Muna fita ne dai don kada a ce mun zauna."

"An ce sitonka cike yake da masara har rufi."

"Ajiyar mutane ce. Ni gadi kawai nake yi musu." Ya gyara zama ya marairaice murya. "Kuma a duba min, yaran nan ba ita kaɗai ke riƙe da su ba. Yini biyu cur a mako suna hannuna. Adalci shi ne a cire ranakuna daga abin da za a ɗora min. Ni ma ƙari nake nema, a riƙa ba ni su kullum in watan azumi ya kama."

Alƙali ya fara gyaɗa kai, ya ga uba mai ƙaunar 'ya'yansa. Hansai ta lura da haka. In ta yi shiru yanzu, an rage kuɗin ke nan, kuma ita za a bari da tukunya.

Ta ce, "Allah ya gafarta malam, a tambaye shi me suke ci a gidan nasa."

"Alhaji, me suke ci?"

Alhaji ya yi gyaran murya, ya dubi fanka, ya dubi takalminsa. "To, ai Litinin da Alhamis ranakun azumin nafila ne. Ina koya musu ibada tun suna ƙanana."

Hansai ta ce, "Sai na ba su sahur daga tukunyata, gari ya waye sarai, sannan yake zuwa ɗaukarsu. Ana dab da kiran magariba zai sauke min su a ƙofar gida, leɓe a bushe, wai kada dare ya yi hankalina ya tashi. Su zauna su share awarar da zan sayar. Ko ruwan randarsa ba su san ɗanɗanonsa ba."

Alƙali ya cire tabarau ya ajiye. "Kai ma kana yin azumin tare da su?"

"Likita ya hana ni, ina da olsa. Amma in zan ci sai na shiga ɗaki na rufe ƙofa, don kada in sa musu rai."

Kotu ta kwashe da dariya, har ɗan sandan da ke bakin ƙofa sai da ya juya baya. Alhaji ya hasala, ya manta da muryar talauci, ya koma ta kasuwa.

"Ku yi ta dariya. Ita wannan matar ciki kawai ta sani. Abinci ka ci yau, gobe babu shi. Ni lahirarsu nake gina musu, kuma wannan ya fi duk wani kuɗi da za a yanka min."

Alƙali ya juya ya ce, "To, Hansai, kin ji. Me za ki ce?"

Ta gyara mayafi ta ce, "Ban ja ba, Allah ya gafarta malam, ya ci gaba da gininsa. Ni dai a karɓo min abin da zai hana su tarewa bana."