Rasuwar Gajeriya, Tocilar Aljihuna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da aljihun riga wanda ya koma wayam, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da dukan 'yan ƙungiyarmu ta masu kiwon tocila, rasuwar Gajeriya, tocilar aljihuna. Rai ya yi halinsa da hantsi, a ɗakin mahaifina, a tafin hannuna, bayan wata tiyata da aka yi mata wadda ba ta nema ba, ba ta kuma bukata.

Ga wanda bai san marigayiya ba, tsawonta bai wuce yatsan tsakiya ba. Baƙa ce, sai dai fentin ya koɗe a gefe saboda yawan shiga da fita aljihu. A gindinta akwai shatin haƙorana, domin ni mai gyaran firji ne da na'urar sanyaya ɗaki, kuma idan na kutsa kai bayan inji hannu biyu ba sa isa, da baki nake riƙe ta. Ta sha ƙura, ta sha tsatsa, ta faɗo daga kan tsani, ta kwanta cikin ruwan da firji ke zubarwa, ba ta taɓa yi mini gardama ba. Ba ta taɓa kunna kanta a aljihu ta ƙona mini wando ba, kamar wasu da masu su suka san kansu. Ba ta da surutu. Maganarta duka ɗaya ce: ƙas, ta kawo haske, ƙas, ta ɗauke.

Amma babban aikinta a duniya ba a bayan firji yake ba, a ɗakin Baba yake. Mahaifina mai gyaran agogo ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana leƙen abin da sauran mutane ba sa gani, har idon ya gaji. Na hagu ya daɗe da tafiya. Na dama ya rage yana rarrabe haske da duhu, kuma da wannan ɗan abin yake gane taga, yake gane ƙofa, yake kai kansa banɗaki ba tare da an ja masa hannu ba. Likitan ido ya ba mu aiki guda: kowace safiya a saki labule, a haska masa fitila, ya nuna da yatsa inda hasken yake. Ya kuma ja mana kunne cewa ranar da Baba ya ce hasken ya ragu, kada a jira komai, a kawo shi, domin akwai abin da za a iya yi idan an zo da wuri.

Baba ya ƙi kowace tocila sai Gajeriya. Ya shafa ta da yatsunsa na mai agogo, ya murza murfinta, ya ce wanda ya ƙera wannan ya san mutuncin ƙarfe. Tun daga nan kullum da safe sai in ja labule, ƙas, yatsan Baba ya tashi ya cafke hasken ko ta ina na ɓullo, har ya riƙa yi mini tsiya wai hannuna rawa yake kamar na tsoho. Wallahi ban san abin da ya fi wannan ɗan lokacin daɗi a yinina ba.

Ciwon ajalinta ya fara ne da wata magana. Wata safiya Baba ya ce Gajeriya ta yi sanyi. Washegari ya sake faɗa, ya ƙara da cewa in daina rowar caji. Ƙanwata, wadda tela ce kuma ita ke kula da shi idan na fita aiki, ta ce a ɗauki Baba a tafi asibiti yanzu-yanzu, ai abin da likita ya faɗa ke nan. Na ce mata ta san allura da zare, amma batir ba huruminta ba ne. Na yi mata bayani mai tsawo a kan yadda ƙaramin batir yake sarewa idan ya kwana biyu. Ta dube ni, ta koma kan keken ɗinkinta. Ni kuma na saka Gajeriya a aljihu na nufi ƙungiya.

Ƙungiyarmu tana zama ne a bayan shagon wani maƙeri mai injin rarake ƙarfe, kuma cuta ɗaya ke damunmu gaba ɗaya. Kowa so yake tocilarsa ta ɓace a aljihun riga, amma ta haɗiye batir mai kaurin babban yatsa. Jiki ƙarami, ciki babba, wannan ita ce aƙidarmu, a kanta muke musu har a rufe shago. Da na ce Gajeriya ta yi sanyi, ko mutum ɗaya bai tambayi wa ya ce ba. Aka yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu ana haska bango, kowa yana gyaɗa kai, kowa ya ga raunin da aka ce masa ya gani. Shugabanmu, wanda muke kira Rana-Tsaka saboda wata jibgegiyar fitilarsa, ya yanke hukunci cewa yunwa ce ke damunta. Maƙeri ya ce abu mai sauƙi, zai rarake cikinta babban batir ya shiga. Haka taron manyan mutane masu gemu muka bar jaki muna dukan taiki.

Aka jira batir ya iso, aka jira maƙeri ya sami sarari. Makonni suka shuɗe Gajeriya tana kwance a shagonsa. A tsawon lokacin ba a yi wa Baba gwajin safe ba, don ya ƙi wata tocilar, ni ma ban matsa ba. Ƙanwata ta daina yi mini magana. Baba ya fara laluben bango kafin ya kai ƙofa, na ce ai tsufa ne.

Ranar tiyata ina tsaye. Inji ya yi ta kuka, ƙiiii, garin ƙarfe yana zuba daga cikinta, har bangonta ya koma siriri kamar ɓawon albasa. Da ƙyar aka danna batirin ya shige. Ƙas, shago ya ɗauki haske, 'yan ƙungiya suka yi tafi, Rana-Tsaka ya ce an kafa tarihi. Ban tsaya shan yabo ba, gida na yi da sauri.

Na saki labule, na zaunar da Baba a bakin gado. Ya ɗora hannu a gwiwa, yatsansa a shirye. Ƙas. Ɗakin nan ya haskaka yadda ban taɓa ganinsa ba, har ƙurar da ke kan tsofaffin agogonsa na bango na gani. Yatsan Baba bai motsa ba. Na matso dama, na koma hagu, na kawo ta daf da fuskarsa har ina ganin jijiyoyin idonsa. Sai ya ce in daina wasa in kunna mana, shayinsa na hucewa.

Ban kashe ta ba. Na riƙe ta a kunne, ta ɗauki zafi tana ƙona mini hannu, ina ta ƙara murza murfin gindi da ƙarfi kamar akwai sauran haske da ya maƙale a ciki. Siririn bangon ya yi ƙaras. Ta yi tsss, wani ɗan hayaƙi mai ɗaci ya fito, hasken ya ɗauke. Ƙanwata ce ta fizge ta, ta zaro batirin da filaya ta jefa waje. Wannan tsss ɗin shi ne kalamanta na ƙarshe.

A ranar muka kai Baba asibiti. Likita ya duba, ya tambayi tun yaushe, na faɗa masa. Ya cire tabaransa ya goge, ya ce mun makara, idon daman ma ya riga ya tafi. Ihu ne bayan hari. Da na dawo na ɗora tsohon ɗan batirinta a kan ma'auni, sai ga shi garau, cike taf, babu abin da ya taɓa samunsa. Gajeriya ba ta yi ciwo ba ko na yini ɗaya. Lafiyarta ƙalau aka kwantar da ita aka fafe.

Marigayiya ta rasu ta bar cajarta, wadda har yanzu ke maƙale a bango tana jira. Ta bar wancan ɗan batir da aka yi wa ƙazafi. Ta bar igiyar hannu, da 'yan uwa manya da ƙanana cike da aljihun tebur, waɗanda ba na ko son ganinsu. Ta bar ƙanwata, wadda ba ta ce mini ai na faɗa maka ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta bar ni. Ta kuma bar Baba, wanda yanzu sai an riƙe masa hannu.

Game da jana'iza, ba za a binne ta ba. Maƙeri ya aiko a ba shi gawar ya cire gilashi da makunni, na ce ya ci gaba da jira. Na naɗe tsagar da tef, na mayar da murfi, kuma makunninta har yanzu yana yin ƙas. Tana hannun Baba. An gaya masa abin da likita ya ce, bai yarda ba. Ya ce ido lafiya lau, matsalar batir ce, ɗansa ya yi masa bayani kuma ɗansa ya san aikinsa. Ba a gaya masa ta mutu ba, ba kuma za a gaya masa ba.

Za a karɓi gaisuwa a ɗakinsa, da safe, bayan ya karya. 'Yan ƙungiya su ajiye tocilolinsu a bakin ƙofa, kuma kada in ji an ambaci girman batir a gidan nan, har da kai, Rana-Tsaka. Idan kun shiga kun gaisa, zai juyo da ita wajen muryarku ya danna, don ya ji ko ta farfaɗo. Abin da iyali ke roƙo shi ne, da kun ji ƙas, ku kare fuska, ku yi ƙorafi da ƙarfi cewa ya kashe muku ido, sai ya yi dariya. Wanda ya san ba zai iya ba, ya tsaya a waje kusa da taga. A nan zai same ni.