Ranar da na rungumi Inna

Ba zan taɓa mantawa da kakar shekarar da na gama aji biyu a kwalej ɗin Yamai ba, ko da za a wanke mani ƙwaƙwalwa da ruwan gulbi kaf. Lokacin Faransawa suna nan. A unguwarmu ta Gaya ni kaɗai na yi nisa haka a lakwal, wato makarantar boko, shi ya sa in na sa wandon kaki ina tafiya har kaji kauce mani suke (ni dai haka nake gani, ban tambayi kajin ba).

Ni ɗan fari ne. Wanda ya taso a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Gwaggo Kande, yayar babana, ita ta raine ni. Inna kuwa, wadda ta haife ni, ba ta faɗin sunana, ba ta haɗa ido da ni. In tana so in ci abinci, bango take gaya wa: "A ce da wancan tuwo na hucewa." Ranar komawata makaranta sai ta juya mani baya, ta ce "Allah shi kiyaye hanya," kamar da tukunya take. Bankwanan ke nan duka. Ni kuma raina yana son fiye da haka, har ciwo yake mani.

Wanda ya ƙara mani ciwon shi ne Paskal, ɗan wani komi, wato akawu, mutumin Dahome da ke aiki a garinmu. Mota ɗaya muke shiga. Uwarsa takan raka shi har tasha, ta rungume shi, ta sumbaci kuncin dama da na hagu, ta jiƙa masa riga da hawayen da za su isa noman shinkafa. Ni ina gefe da akwatina kamar wanda aka tsinto a hanya.

Hutu na gab da ƙarewa, ana ta yankan gero, na samu abokina Mamman a bakin gulbi yana gyaran taru, na gaya masa shawarar da na yanke.

Ya ajiye tarun. "Inna za ka sumbata? Innar gidanku?"

"Wayewa ke nan, Mamman. Ba za ka gane ba."

"To don Allah ka gaya mani ranar, in zo da wuri in samu wurin zama."

Ranar ta zo. Na zaga dangi na yi sallama, na sha albarka har na ƙoshi. Na dawo na tarar gidanmu cike da matan maƙwabta ana sussuka, Gwaggo tana ɗaure mani busasshen kifi da ƙuli-ƙuli a tsumma. Inna na bakin turmi. Tana jin takun takalmina ta juya baya yadda ta saba, ta fara: "Allah shi ki..."

Ban bari ta ƙarasa ba. Na yi tsalle na rungume ta ta baya, na kai baki. Ta kauda kai, sumbar ta sauka a kunne da wata ƙara da na rantse an ji ta a garin Malanbil, can ƙetaren gulbi.

Taɓarya ta faɗi. Inna ta yi wani ihun da ban taɓa jin irinsa ba, ta fizge jikinta kamar wadda wuta ta lasa. Gida ya ɗauki salati.

"Cizon ta ya yi?" in ji wata tsohuwa da ba ta gani sosai. "Ku duba kunnen, yana nan?"

Gwaggo ta dafe kai. "Nasara sun juye mani ɗa! Ku riƙe shi, a kira malam!"

Na buɗe baki in yi bayani, sai Faransanci ya fito, abin da ya tabbatar wa kowa cewa aljanin ma baƙo ne. Mamman, da ya hau katanga don ya ga komai da kyau, dariya ta kayar da shi cikin akurkin maƙwabta. (Ya yi ɗingishi har bayan sallah, kuma ban taɓa tausaya masa ba.)

Inna ta shige ɗaki ta saki asabari. Na cire takalmi, na tsuguna a bakin ƙofa yadda ya kamata in yi tun farko.

"Inna, zan tafi."

Ina jin numfashinta, kuka take ƙasa-ƙasa, irin na wadda aka tozarta a gaban matan da za ta haɗu da su gobe a rijiya.

"Inna, ki yi haƙuri. Zan tafi."

Baba ya leƙo daga zaure. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Tashi, mota ba ta jiran kowa."

Na tashi. Addu'ar nan da aka fara ba a ƙarasa mani ita ba.

A saman kamiyo, babbar motar kaya, kan buhunan gyaɗa, Paskal yana goge kuncinsa da hankici yana tsaki. "Kai ka huta," ya ce da ni. "Tawa kullum sai ta ba ni kunya a gaban mutane." Na dube shi, na dubi ƙasa, na auna nisan, na ga in na tura shi direba zai gani.

Duk shekarar ina shirya kalmomin da zan faɗa mata in na dawo hutu. Zazzaɓi ya riga ni. Inna ba ta ga damina ba, labarin ma sai da aka yi kwanaki da binne ta ya iso ni a Yamai.

Yau furfura ta cika mani kai, na yi aikin gwamnati har na gaji, amma in na sauka a Gaya tsofaffin unguwa ba su san wani muƙami ba. "A'a, mai cizon uwa ne? Yaushe a gari?" Nakan yi dariya tare da su, don ni na fi kowa iya ba da labarin.

Abin da na koya dai shi ne, in al'adar gidan wani ta burge ka, ka fara gwada ta a kan gwaggo, ita za ta mare ka a wuce wurin. Uwa ɗaya gare ka, kuma ba kullum ake samun hutu na gaba ba.