Maganar Datuk Ce Ta Ƙarshe

Duk wanda ya ce maka a garin Ipoh na ƙasar Malayu akwai mai hangen nesa kamar Datuk Baharom, to wallahi bai taɓa zuwa Ipoh ba. Shi ne mai gidan tsofaffi na Seri Kenanga, inda mutum ke kawo uwarsa ko ubansa a dafa musu, a ba su magani, su huta a inuwa. Amma kul ka ce gidan tsofaffi a gabansa. Aljannar masu ritaya ake cewa. Shekara biyu ke nan da ya dawo daga wani biki da lamba a ƙirji da sarautar Datuk a gaban suna. Wa ya naɗa shi? Wannan tambayar 'yan hassada ce. Tun ranar dai aka manna kalmar a jikin mota, da ƙofar ofis, da kofin shayi, har da silifas ɗin shiga banɗaki. Shi ya sa idan ya juya baya ma'aikata ke kiran sa Datuk Silifas.

Abu ɗaya ke ci masa tuwo a ƙwarya. A bakin Malayu, datuk sarauta ce, kuma datuk kaka ne. Duk tsohon da ya ga jika datuk ne, ko da bai taɓa mallakar keke ba. Seri Kenanga kuwa akwai irinsu har ashirin da biyu, suna zaune a baranda da zani a ƙugu suna shan farin kofi, kowa da sarautarsa kyauta. Shi kuwa bawan Allah ɗansa ɗaya tilo, yana can Penang da matarsa da kyanwa uku. Saboda haka ya kafa doka: a ce da tsofaffi Tok, ko Pak Cik, ko Apek, amma a gidan nan Datuk ɗaya ne.

Wata rana ya je taron kwana uku a Kuala Lumpur, ya dawo da ƙirƙirarriyar basira a baki. Aka tara ma'aikata a ɗakin cin abinci.

"Jama'a, zamani ya zo!" in ji shi, yana gyara lambar ƙirji. "Wasu za su ɗauki fasahar nan da garaje. Ni Datuk, bisa amana zan ɗauke ta. Mutum a sama, na'ura a ƙasa. A rubuta wannan, maganata ce, ban aro ba."

Ya aro. Tana nan a jikin jakar da aka raba a taron.

Cikin mako guda aka liƙa 'yar lasifika a kowane ɗaki, aka raɗa wa muryar da ke ciki Cik Bijak, wato Malama Mai Wayo. Ita za ta tsara abinci, da jadawalin aiki, da lokacin motsa jiki. Aka juye mata takardun mazauna gidan kaf, har da waɗanda 'ya'yansu suka cike ranar da suka kawo su, ba wanda aka ce wa ko ka yarda. Dokokin amana kuwa Datuk da kansa ya buga su da yatsa ɗaya, harshe a waje. Ta farko: kada ta gaskata maganar kowa sai ta bincika. Ta biyu: ba a zartar da komai sai Datuk ya amince, maganar Datuk ce ta ƙarshe.

Misi Vasugi, shugabar nas-nas, tana tsaye a bayansa. Shekararta goma sha tara a gidan. Ta san wanda ke ɓoye ƙwayar magani a ƙarƙashin harshe, ta san wadda ba ta cin abinci idan ɗanta bai bugo waya ba.

"Datuk, a sa cikakken suna mana," in ji ta. "Kuma a gwada ta a ɓangare ɗaya tukuna, a tambayi iyayen nan ko suna so."

"Misi, idan aka ce Datuk a gidan nan, har ƙadangaren bango ya san wa ake nufi."

Ya juyo da kujera ya dube ta da irin murmushin da ake yi wa mara lafiya. Ƙarshen wata, in ji shi, ƙungiyar masu gidajen tsofaffi za ta turo mutum uku su duba wanda ya cancanci shaidar amfani da fasaha bisa amana. A gabansu zai nuna yadda na'ura ke rage ma'aikata ba tare da son zuciya ba. Ya riga ya buga mata sharuɗɗan: a fara da mai yawan shekaru da yawan gardama.

"Ba ni zan zaɓa ba, Misi. Kimiyya ce."

Vasugi ta fito daga ofishin. Mai yawan shekaru da gardama ai ba sai an nemo da fitila ba. Tana da hamsin da huɗu, ina za ta je ta fara gaishe da sabon maigida? Kuma wa zai riƙa leƙa ƙarƙashin harshen Tok Seman? Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta shiga ɗakin magani ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta jefa makullin a aljihu.

Tok Seman ɗin nan tsohon direban jirgin ƙasa ne, ga ciwon suga ga taurin kai. Shi ya fara gano bakin zaren. Ran nan aka kawo masa kunun shinkafa salam, ya ɗaga kai ya dubi lasifika.

"Ke yarinya, gishiri ya yi yaji ne a gidan nan?"

"Ƙarin gishiri sai Datuk ya amince," in ji Cik Bijak.

"To ni ɗin mene ne? Jikokina tara."

"Na duba takardarka, an rubuta datuk ga jikoki tara. Datuk ya amince."

Tabɗijam! Kafin la'asar labari ya zaga baranda. Gishiri ya dawo miya. Motsa jikin ƙarfe bakwai ya koma ƙarfe goma, daga nan ya mutu ba wanda ya je ta'aziyya. Apek Foong, tsohon mai haƙar kuza, ya gano cewa shi ma 'yarsa datuk ta rubuta masa a takarda, sai ya mayar da ɗakin karatu wurin buga mahjong, wata irin caca ta ƙwayoyi. Tsofaffi mata, da ba su da rabo a sarautar, suka koma aiken mazan kamar yara. Ran Laraba sai ga mota ta sauke durian, ɗan itacen nan mai ƙaya da zaƙi, warinsa har bakin titi.

Shi kuwa Uban Amana yana ofis yana ganin saƙonni na wucewa a allo: Datuk ya amince, Datuk ya amince. Bai tuna ya amince da komai ba. Amma babban mutum ya ce bai san abin da ke faruwa a gidansa ba? Ina! Ya fito yana toshe hanci da hankici, ya tara masu shara.

"Kun gani? Na'urar ta fara karanta zuciyata. Tun kafin in yi tunani ta zartar. Dama durian na cikin tsarina na kashi na biyu."

Gaskiyar magana, tun da ya buga dokokin nan bai taɓa buɗe baki ya yi wa Cik Bijak magana ba. Magana a kanta yake yi, ga baƙi da 'yan jarida da duk wanda ya tsaya.

Vasugi ce ta sha wahalar kashi na biyu. Sugan Tok Seman ya yi sama, ta riƙa bin tsofaffi da na'urar gwaji, tana ƙwace ɓawon durian daga ƙarƙashin matashi. Zuciya ta ce mata ta yi shiru, mutumin ya faɗa ramin da ya haƙa. Amma jinin da ke hawa ba na Datuk Silifas ba ne. Ta rubuta komai a takarda ɗaya ta kai masa.

"Datuk, na'urar nan ba ta san wane datuk—"

"Misi, na fahimta. Tsoro ne. Duk wanda zamani ya zo wucewa ta kansa haka yake yi."

Ya karɓi takardar ya ɗora kofin shayi a kai, don kada teburin ya yi tabo.

Ranar baƙi ta zo. Aka shimfiɗa jan kafet, aka ɓoye mahjong, aka jera tsofaffi a kujeru da riguna masu guga. Datuk ya sha rigar batik mai sheƙi, lamba na lilo. Dakta Salbiah, shugabar baƙin, mace ce mara yawan magana, da ɗan littafi a hannu. Ya yi musu jawabin minti arba'in a kan amana, ya ambaci kansa sau talatin, Apek Foong ne ya ƙirga. Vasugi na tsaye daga baya, ta riga ta kwashe kayanta daga loka tun da safe.

"Yanzu ku ga aiki," in ji shi. "Cik Bijak, karanto sunan farko a jerin waɗanda za a sallama."

"Misi Vasugi," in ji muryar.

Vasugi ta runtse ido.

"Madalla. A zartar."

"Ba zai yiwu ba. Datuk bai amince ba."

Ya yi 'yar dariya ya dubi baƙi. "Kun ga taka-tsantsan? Sai ta ji daga bakina. To, ni Datuk, na amince."

"Jiya da la'asar na tambayi datuk ashirin da biyu," in ji Cik Bijak. "Ashirin da ɗaya sun ƙi. Ɗaya yana barci, da ya tashi shi ma ya ƙi. Amsar Datuk Foong ba ta karantuwa a gaban baƙi."

"Karanta mana, 'yar nan!" in ji Apek Foong daga kujerarsa. "Ai ban gama ba ma kika yanke ni."

Gumi ya keto wa Datuk. "Waɗannan kakanni ne kawai! Ni ake nufi! Ni, Datuk Baharom!"

"Dokar farko ta ce in bincika, kuma na bincika, Encik Baharom."

Encik! Wato malam wane kawai, irin kiran da ake yi wa mai jiran layi a gidan waya. Wani daga cikin baƙin ya fara tarin ƙarya.

"Na duba sunayen masu sarautar da aka wallafa, ban ga naka ba," ta ci gaba da muryarta mai sanyi. "Na duba ta wajen jikoki. Ɗanka yana da kyanwa uku. Ban ƙirga su ba, amma idan kuskure na yi a gyara mini."

Baranda ta kece da dariya. Wata tsohuwa har haƙoran robarta suka faɗo a cinya. Vasugi ta rufe baki da hannu biyu, ita kanta ba ta san dariya take ko kuka ba, sai ji ta yi Tok Seman ya kama gefen rigarta yana girgizawa.

"Shi ne ba ki gaya mana ba, Misi? Da kin tafi wa zan riƙa yi wa ƙarya?"

Dakta Salbiah ta rufe littafinta. Ta ce ta zaga gidaje goma sha ɗaya, ko'ina ana cewa an sa tsofaffi a gaba, amma nan ne kaɗai ta ga maganarsu ce ta ƙarshe. Sai dai abincin masu ciwo, dole ya bi ta hannun nas. Vasugi ta ce a tambayi masu gidan. Aka tambaya, datuk ashirin da ɗaya suka amince, Tok Seman ya ce a rubuta cewa tilasta masa aka yi. Aka miƙa takardar shaida, Jagoran Zamani ya karɓa da hannu biyu, har ya soma cewa dama tsarinsa ke nan na kashi na uku. Sai idonsa ya sauka a kan sunan da Dakta ta rubuta da alƙalaminta: Encik Baharom.

Da baƙi suka tafi, Vasugi ta mayar da kayanta loka. Tok Seman ya tura kekensa na marasa lafiya har gaban maigidan ya dafa masa gwiwa.

"Kada ka damu, ɗana. Mu ma ba rana ɗaya muka sami sarautar ba. Ka buga wa yaron nan na Penang waya, ka lallaɓa shi ya samo maka jika."

Encik Baharom ya shige ofis ya banko ƙofa, amma bangon katako ne, kowa na ji. Ya daki teburi ya ce a kashe na'urar nan yanzu-yanzu, a cire ta daga gidansa, kada ta ƙara kwana.

"To, Encik," in ji Cik Bijak. "Bari in tambayi Datuk."